Yayyafin da Ke Cika Kogi, da Wanda Ƙasa Ke Shanyewa

A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara ƙarewa a wasu ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum. Ba wanda ya ɗauki abin da nauyi. Wa zai tara jama'a a ƙofar maigari saboda agwagwa? Sai daga baya, da masu bincike suka zo suna bi gida-gida da tambaya, mutane suka tuna lallai agwagi ne suka riga kowa tafiya. Agwagwa da baki take kiwo, a ƙasa da bakin kududdufi, shi ya sa ta fara haɗiyar abin da ke cikin ƙasar. Masu bi mata a kusanci da ƙasa su ne yara masu rarrafe, waɗanda duk abin da hannunsu ya taɓa sai ya je baki.

A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka tarar da yara suna amai, suna jijjiga, suna suma. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi komai ba. Aka ɗebi jini aka kai gwaji Turai, sakamako ya dawo: gubar dalma ce. A watan Mayu jami'an hukumar CDC ta Amurka da na ma'aikatar lafiya ta tarayya suka bi gidajen Dareta da 'Yargalma da ƙidaya. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, an rasa 118 a watanni 12 kacal, ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Kafin a shawo kan lamarin, yaran da aka binne sun haura 400, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ko ido har abada.

Abin da ya jawo wannan bala'i ɗan ƙaramin lissafi ne, irin wanda kowane magidanci ke yi kullum. Bayan karyewar tattalin arzikin duniya a 2008, farashin zinari ya yi ta hawa, daga wajen dala 800 kowace oza zuwa sama da dala 1,200 a 2010. Manomi ya duba ya ga buhun dutse ya fi buhun gero kawo kuɗi. In ya bar dutsensa a daji wani zai ɗauke. A gida kuwa akwai turmi da taɓarya, akwai matan da ke cikin kulle masu neman sana'a, ga kuma injin niƙa a kusa. Sai aka shigo da dutse gida. Aka daka shi a tsakar gida, aka niƙa a injin irin na hatsi, aka wanke, aka shanya a inda ake shanya tsaba. Dutsen yankin cike yake da dalma, ita kuwa ba ta da wari, ido ba ya rarrabe ta da ƙurar da aka saba shaƙa. A wasu wuraren awo ya nuna ta haura 100,000 cikin miliyan, wato kashi 10 cikin ɗari na ƙasar wurin, alhali ma'aunin Amurka na lokacin bai yarda ta wuce 400 cikin miliyan ba a inda yara ke wasa.

Masu ƙarfafa wa matasa gwiwa da cewa kowa ya fara da ɗan abin da ke hannunsa ba su cika faɗin wannan ɓangaren ba. Kowane mutum da ya ɗauko buhun dutse ya shiga da shi gida, ƙaramin aiki ya yi, da kyakkyawar niyya, don ya ciyar da iyalinsa. Maƙwabci ya ga an samu, shi ma ya yi. Ta wannan hanyar dai dabara mai amfani take yaɗuwa, babu bambanci. Saboda haka mu a Zamfara ba ma buƙatar wani ya tabbatar mana ƙaramin aiki yana iya juya rayuwar gari sukutum. Mun gani, da gawarwakin yara. Abin da ya cancanci a zauna a kansa shi ne: me ke sa wani ƙaramin aikin alheri ya kama ƙasa ya dawwama, wani kuma ya mutu tun ranar da aka ƙaddamar da shi?

Gyaran da aka yi wa waɗannan ƙauyuka shi ma da kayan hannu aka yi shi. Kamfanin TerraGraphics na jihar Idaho ta Amurka da cibiyar Blacksmith sun kawo ilimin da na'urar awon dalma wadda ake riƙewa a hannu, amma samarin garuruwan ne suka yi aikin, da fartanya da shebur da baro. A kankare saman ƙasar tsakar gida kimanin santimita 5, a ɗura a buhu, a kai rami nesa da gari a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Sarakuna da masu unguwanni suka sa baki aka fitar da daka da niƙa daga cikin gari zuwa daba. Ya zuwa watan Maris na 2011 an gama ƙauyuka 7: Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza. Bayan an share gida sannan likitoci ke ba yaro maganin da ke janye dalma daga jini ya fitar da ita ta fitsari. Dole ne a bi wannan jerin, domin yaron da aka wanke wa jini aka mayar da shi kan gurɓatacciyar ƙasa, gubar zai sake kwasa.

Sai aka zo kan Bagega, inda fartanya da shebur suka ga iyakarsu. Garin ya fi sauran girma nesa ba kusa ba, dabarsa ta fi kowace gurɓata, kuɗin masu agaji kuma ya ƙare. A watan Fabrairun 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan halin da ake ciki. A watan Mayu aka yi babban taro a Abuja, ga alkawarin naira miliyan 850 daga gwamnatin tarayya. Damina ta zo ta wuce, kuɗi bai fito ba. Yara wajen 1,500 na jiran magani, likitoci na nan a Anka da maganin a hannu, ba damar bayarwa tunda ba a share gidajen ba.

A nan ne wasu matasa, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka kafa abin da suka kira Follow The Money. Ba su da ofis na a zo a gani, ba su da iko a kan kowa. Suka je Bagega, suka ɗauko hotuna da muryoyin mutanen garin, suka ɗora a Twitter da Facebook ƙarƙashin taken #SaveBagega, da tambaya guda: ina kuɗin da aka ce za a bayar? Tare da Human Rights Watch, suka sa jama'a suka yi ta rubuta wannan tambayar a shafin Shugaba Goodluck Jonathan. Sanata Bukola Saraki, wanda ke shugabantar kwamitin muhalli na majalisar dattawa a lokacin, shi ma ya shiga maganar. Kafin watan Janairun 2013 ya ƙare aka saki kuɗin. A watan Afrilu likitoci suka fara ba rukunin farko na yaran Bagega magani.

Ana yawan ba da wannan labari kamar wayar hannu ce ta ceci Bagega. A ganina an rage masa daraja in an faɗe shi haka. Rubutun intanet bai kankare ko cokali ɗaya na ƙasa ba. Ya yi tasiri ne domin ya zo da sunan gari, da adadin kuɗi, da lokacin da aka yi alkawari, da sunan wanda sa hannunsa ake jira. Ya kuma tarar da aikin shekara biyu da likitoci da leburori suka riga suka yi, har an san abin da za a yi da kuɗin ranar da ya fito. Kwatanta wannan da kukan da muke yi kullum a shafukanmu, cewa Arewa ta lalace, shugabanni sun ci amana. Gaskiya ne, kuma zafin da ke bayansa na gaske ne. Amma kukan da bai ambaci ofishin kowa ba, babu wanda ke jin dole ya amsa shi.

Bahaushe ya ce da yayyafi kogi kan cika. Haka ne, sai dai duk wanda ya ga ruwan farko ya sauka a kan jigawa ya san yawancin yayyafi ƙasa ke shanye shi nan take. Wanda ke kai wa kogi shi ne wanda ya faɗa inda akwai kwari da zai tattara shi ya miƙa.

Daga Gusau, in ka bi ta Ƙauran Namoda da Zurmi ka faɗa Jibiya, Maraɗi na gabanka. Mutanen can 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, gero ɗaya, kuma ruwan da suke samu bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili fetal. Iska na kwasar ƙasa tana binne shuka, manomi ya yi shuka biyu ko uku kafin ɗaya ta tsaya, mata na tafiyar sa'o'i neman itacen girki, wasu na ƙona kara da kashin shanu da ya kamata su koma gona. An kashe kuɗi mai yawa a kan gandun renon itatuwa da dashe, mafi yawan dashen ya mutu, wani rana ta ƙona, wani awaki suka cinye, wani gara.

Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM, yana cikin masu wannan dashen da ke mutuwa. A 1983 ya tsaya a hanya don rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai ya lura da 'yan tsiron da ke ko'ina a gonaki, waɗanda kowa ke sassabewa ya ƙona kafin damina. Da ya duba ganyen, sai ya ga ashe tohon itatuwan da aka sare ne, kututturen na nan da rai, saiwarsa ta yi nisa cikin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan, wadda manoman can ke kira sassabin zamani, yaro ma zai iya ta. In ka zo kan kututturen sabara ko kalgo ko magarya ko gawo, kada ka aske shi duka. Zaɓi reshe mafi ƙarfi da miƙewa, ɗaya zuwa biyar, ka sare sauran, ka rage wa waɗanda ka bari ƙananan rassan ƙasa. Abincin da saiwa ke rabawa tsakanin toho talatin sai ya koma kan kaɗan, cikin 'yan shekaru ka ga itace ya fi ka tsawo. Ba ban ruwa, ba sayen iri, wuƙa ko gatari kawai.

Ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba. Gona mai tsabta ita ce alamar manomin kirki a lokacin, wanda ya bar tsiro a gonarsa dariya ake yi masa. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100, aka raya itatuwa wajen 500,000. Da rabon abinci ya tsaya, aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga abin da ya biyo baya: iska ta rage binne shuka, ga itacen girki a bakin gona, ga ganye da 'ya'yan itace na dabbobi da rani, ga abin sayarwa in shekara ta ƙi. Gawo kuwa halinsa sananne ne, da damina yake zubar da ganye, ya takinta gona kuma bai tare wa gero rana ba. Daga nan manomi ya riƙa koya daga manomi. Ya kamata a faɗa, ilimin ba baƙo ba ne gaba ɗaya: a ƙasar Damagaram tarihin baka na cewa Sarki Tanimu ya kafa hukunci mai tsanani a kan sare gawo tun ƙarni na 19, kuma manoma da yawa a can sun koma renon itatuwa ba tare da sun taɓa jin sunan Rinaudo ba. Lokacin da masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij suka gwada hotunan sama na 1975 da na wajen 2005, sai suka tarar da hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200.

To me ya hana wannan faruwa tun da can, tunda kututturen na nan, wuƙar ma na nan? Doka ce. Tun dokar gandun daji ta Faransawa ta 1935, itace na hukuma ne ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Gara ya kashe shi tun yana tsiro. Sai da ma'aikatan suka sassauta a yankin Maraɗi, manomi ya tabbata in ya reni itace shi zai ci moriyarsa, sannan abin ya kama. Nijar ta gyara dokar gandun dajinta a 2004, kuma ranar 30 ga Yulin 2020 ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena a gonarsa.

In ka ajiye Bagega da Maraɗi gefe da gefe za ka ga abin da ya sa ba na yarda da masu cewa komai sai gwamnati, ba na kuma yarda da masu cewa a manta da gwamnati kowa ya yi ta kansa. Bagega na buƙatar hukuma ta shigo da kuɗinta, ƙaramin aikin matasan nan shi ya tilasta mata. Maraɗi na buƙatar hukuma ta ɗage hannunta daga kan itacen talaka. A duka biyun ƙaramin aikin ya yi ƙarfi ne lokacin da aka san abu na wane ne, kuma nauyi a wuyan wa yake. Gangamin dashen itatuwa da muke yi duk damina, da manyan baƙi da masu ɗaukar hoto, a nan yake faɗuwa: washegari itacen ba na kowa ba ne. Haka famfon tuƙa-tuƙa da ke tsaye shekara da shekaru saboda ɗan ƙarfen da bai kai kuɗin buhun masara ba.

Akwai kuma maganar wanda zai dawo gobe. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Ciwon ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa aka yaƙe shi, da hana mai ciwon shiga tafki, da ɗan sa-kai a kowane ƙauye mai littafin da yake rubuta duk wanda tsutsar ta fito wa, wata bayan wata, shekara 20. An ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013. Ƙyallen ba shi da tsada. Naci ne mai tsada.

Wannan nacin ne nake tsoron mun rasa a kan dalma. A 2015 ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta kashe yara 28. An gwada an gani cewa fesa ruwa a bakin injin niƙan dutse na rage ƙurar dalma da kusan kashi 95 cikin ɗari, kuma wanka da sauya tufafi kafin a koma gida na kare yara. Amma a 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda tsaro, haƙa kuwa ba ta tsaya ba, ɓuya ta yi, kuma wanda ke aiki a ɓoye ba ya zuwa a koya masa kariya. MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a farkon 2022, bayan ta gwada jinin yara 8,480. An ɗage haramcin a watan Disambar 2024. A watan Afrilun 2025 aka sake jin rahoton gubar dalma, wannan karon a ƙaramar hukumar Bungudu, a ƙofar gidanmu. A shekarar 2025 oza ɗin zinari ta haura dala 3,000, wato abin da ya sa aka shigo da dutse gida a 2010 ya ninka fiye da sau biyu, kuma samarin da ke shiga rami yanzu suna goye ko suna rarrafe lokacin da aka yi wancan rashin.

Na san abin da mutumin 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe zai ce in ya karanta wannan, kuma yana da gaskiya. Wanda ba ya iya kai wa gonarsa ta nesa, wanda ake sa wa garinsu haraji kafin a bari su yi shuka ko girbi, wanda ke bin hanyar Tsafe da addu'a a baki, ka ce masa ya fara da ƙaramin abu, ka ci masa fuska. Babu sassabe ko ƙyallen tace ruwa da zai kori ɗan bindiga. Tsaro bashi ne a wuyan hukuma, kuma duk wanda ya yi amfani da labarin Maraɗi don ya ce talaka ya ji da kansa, ya karanta shi a juye.

Duk da haka darasin Bagega na nan da amfaninsa ko a wannan. Abin da ke faruwa a ƙauyukan Tsafe yawanci a baki yake yawo, yau a ji, jibi a manta. In da za a samu rubutaccen lissafi, gari kaza, rana kaza, mutum nawa aka ɗauka, nawa aka biya, wane alkawari wane jami'i ya yi a wane zama, da an samu abin ɗorawa a teburin ɗan majalisa da ba zai iya cewa bai sani ba. Wannan ba aikin wanda ke cikin ƙauyen ba ne, don shi ransa ne a kai. Aikin 'ya'yan garin ne da ke Gusau da Kaduna da Abuja, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa, masu ƙungiyoyin ci gaban gari da ke haɗuwa duk sallah.

Sannan tunda an bar gonakin nesa, nauyin noma da kiwo da itacen girki duk ya dawo kan 'yan gonakin bayan gari. Su ake nomawa ba hutu, su ake yi wa aski don girki da gawayi. A nan ne kututturen sabara da kalgo suke, kuma duk bazara ana bi ta kansu da gatari da wuta. Mutum ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, don abin da ya bari da rana wani zai sare da dare. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Maraɗi sai da suka kafa kwamitin gari, da mata masu neman itace da makiyaya a ciki, suka yarda da ƙa'ida da tarar wanda ya karya ta. Maigari da liman da sarkin noma za su iya wannan zaman a yini ɗaya. Za a yi ta gardama kan gonar aro da ta jingina da ta gadon da ba a raba ba, wa ke da itacen, mai gona ko mai nomawa, kuma gara a yi gardamar tun kafin itacen ya girma. Zamfara na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa, ana kuma ware kuɗin dashe da sunanta. Majalisar dokokin jiha da ke Gusau za ta iya yin abin da Nijar ta yi a 2020, ta rubuta a fili cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, ya sassabe, ya sayar, ya bar wa 'ya'yansa, ba tare da neman izinin malamin daji ba.